Yadda Za Ka Bayyana Wa Jama'a Alaƙar Dainoso da Tsuntsaye Ba Tare da Ka Gurgunta Labarin Ba

"Tsuntsaye dainoso ne." Maganar gaskiya ce, kuma kusan duk masana burbushin halittu sun tsaya a kanta. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da mai sauraro yake ɗorawa a kanta bayan ka yi shiru. Wani zai tafi da hoton Tyrannosaurus, ƙaton dainoso maci nama, yana ƙanƙancewa har ya koma kaza. Wani zai ɗauka duk ƙatuwar dabba mai dogon wuya da ya taɓa gani a fim kakar tattabara ce. Wani kuma zai yi murmushi kawai, ya jefa maganar cikin jerin shaci-faɗin masana. Duka ukun an gaya musu gaskiya, amma babu wanda ya tafi da ita.

Wannan jagora ta malamin aji ce, da mai gabatar da shirin rediyo, da mai zagayawa da baƙi a gidan tarihi, da marubuci, da uban da ɗansa ya tsare da tambaya. Matsayina a fili yake: ka sauƙaƙa kalmomi iya son ranka, amma siffar labarin, wato rassansa da tsawon zamaninsa da wuraren da har yanzu ake ja-in-ja a kansu, dole ta isa kunnen mutum yadda take.

Mataki na ɗaya: ka san wace magana kake yi

Jimloli uku ne mutane ke cakuɗawa. Ta farko, tsuntsaye sun yi kama da dainoso. Ta biyu, tsuntsaye sun fito daga dainoso. Ta uku, tsuntsaye su kansu dainoso ne. Ta farko ba ta ce komai ba, don kifi ma ya yi kama da dabbar ruwa mai shayarwa ba tare da kusancin jini ba. Ta biyu daidai ce, sai dai tana sa mutum ya ji kamar tsuntsu ya fita daga gidan ya ja ƙofa. Ta uku ita ce yadda masana ke rarraba halittu a yau: rukuni ya ƙunshi tushe ɗaya da duk zuri'ar da ta fito daga gare shi, komai irin sauyin da wasu suka yi. Jemage yana tashi, amma tashinsa bai cire shi daga cikin dabbobi masu shayarwa ba. Haka tsuntsu bai fita daga dainoso don ya sami fiffike ba.

Sai ka ƙara abin da yawancin masu bayani ke tsallakewa: ba duk dainoso ne ke kan hanyar tsuntsaye ba. Reshe ɗaya ne, na waɗanda ake kira teropod, masu tafiya da ƙafa biyu, akasarinsu maciya nama. A cikinsu ma wani ɗan ƙaramin reshe ne. Masu dogon wuya irin su Diplodocus, da masu ƙaho irin su Triceratops, dangi ne na nesa.

Tun da wuri ka share wasu baƙi daga fage. Masu tashi da fiffiken fata, irin su Pteranodon, ba dainoso ba ne, kuma ba su ne suka haifar da tsuntsaye ba, nasu tashin daban ya samo asali. Manyan dabbobin teku irin su Mosasaurus su ma ba dainoso ba ne. Idan ba ka faɗi wannan da bakinka ba, rabin masu sauraronka za su haɗa tsuntsu da Pteranodon, saboda a ido shi ne ya fi kama da amsar.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani ko da ba za ka ambata ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka raba dainoso gida biyu bisa tsarin ƙashin ƙugu: masu ƙugu irin na ƙadangare da masu ƙugu irin na tsuntsu. Tsuntsaye daga gidan farko suka fito, ba daga na biyu ba. Duk yaro mai karance-karance zai iya tayar maka da wannan, kuma amsar ita ce kamannin ƙugun ya bayyana fiye da sau ɗaya, kowanne ta hanyarsa.

Mataki na biyu: fara da ƙashi, ka bar sunaye sai daga baya

Kada ka buɗe da Archaeopteryx, daɗaɗɗen tsuntsun nan mai haƙora. Ka buɗe da abin da mutum zai iya riƙewa a hannu. Ƙasusuwan kaza da aka wanke aka busar sun fi hotuna goma aiki.

Nuna ƙafar: yatsu uku a gaba, ɗaya ƙarami a baya, fatar kuma ɓawo-ɓawo. Ajiye ta kusa da hoton sawun teropod da ya daskare a dutse, ka bar mutane su gani da kansu. Karya ƙashin fiffike su ga rami a ciki. Ƙasusuwan teropod ma haka suke, kuma a ƙashin bayansu akwai kofofin da jakunkunan iska ke shiga, irin tsarin numfashin da tsuntsu ke da shi a yau. An nuna wannan dalla-dalla a 2005 a jikin Majungasaurus na Madagaska, dabbar da ba ta taɓa tashi ba kuma ba ta kusa da tashi.

Sai ka ɗauko ƙashin nan mai reshe biyu da ke gaban ƙirji. Yana da labari mai amfani. A 1926 wani ɗan ƙasar Denmak, Gerhard Heilmann, ya fitar da littafi kan asalin tsuntsaye. Ya ga duk kamannin da ke tsakaninsu da teropod, amma ya ƙi yarda, saboda a iya saninsa dainoso ba su da wannan ƙashi, kuma yana ganin abin da ya ɓace ba ya dawowa. Ra'ayinsa ya yi rinjaye kusan shekara hamsin. Daga baya aka tarar da ƙashin a jikin Oviraptor, da Velociraptor, da Allosaurus, da Tyrannosaurus, har da Coelophysis wanda ya rayu fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Hujjar da ta toshe hanya ita ce ta koma shaida. Wannan labari yana koya wa jama'a yadda ilimi ke aiki fiye da duk wata lacca: mutumin ya yi tunani mai kyau a kan bayanan da ba su cika ba.

In kana da lokaci, ka lanƙwasa fiffiken. Yadda yake naɗewa gefe ya dogara da wani ɗan ƙashin wuyan hannu mai siffar rabin wata. Masanin Amurka John Ostrom ya ga irinsa a jikin wani teropod mai suna Deinonychus, wanda ya tono a jihar Montana ta Amurka a 1964 ya kuma bayyana a 1969. Daga nan tsohuwar maganar masanin Birtaniya Thomas Henry Huxley, wanda tun wajajen 1868 ya hango alaƙar, ta sake samun rai.

Mataki na uku: zana bishiya, ka haramta wa kanka layi

Hoton da ya fi kowanne ɓarna shi ne jerin dabbobi daga hagu zuwa dama, babba yana raguwa, kibiya tana bin kibiya, kaza a ƙarshe. Yana da kyau a allo, kuma ƙarya ne. Yana nuna cewa kowace dabba a jerin ta haifi ta gaba, kuma tafiyar tana da inda ta nufa tun farko.

Zana bishiya mai rassa. A gindi ka sa tushen da kada da tsuntsu suka haɗu, wajen shekara miliyan 250 da suka wuce. Mutane kan yi mamaki idan suka ji cewa a cikin dabbobin da ke raye kada ne mafi kusanci da tsuntsu, har ya fi kusa da shi a kan ƙadangare. Daga nan reshen masu fiffiken fata ya rabu. Sannan dainoso, sannan teropod, sannan reshen su Tyrannosaurus ya yi nasa wuri, sannan su Oviraptor, sannan su Velociraptor, sannan tsuntsaye. Kowace dabba mai suna ka ajiye ta a bakin reshe. Mahaɗar rassa ka bar ta babu suna.

Dalilin barin ta haka shi ne ainihin darasin. Burbushi ba ya zuwa da takardar haihuwa. Idan aka tono dabba, kusan ba zai yiwu a tabbatar ita ce ainihin kakar wani ba. Abin da za a iya nunawa shi ne kusancinta. Ka tambayi masu sauraro: ɗan baffanka kakanka ne? Za su ce a'a. Amma idan hoton kakan ya ɓace, ba za a iya duba fuskarka da ta ɗan baffan a gane yadda ya kasance ba? Velociraptor ɗan baffa ne. Tyrannosaurus ɗan baffa ne na nesa. Archaeopteryx ma, mai yiwuwa, ɗan baffa ne na kusa sosai.

Yanzu ne lokacin Archaeopteryx. An bayyana gashinsa na farko a 1861 daga duwatsun Solnhofen a kudancin Jamus, shekara biyu kacal bayan fitowar littafin Charles Darwin kan asalin nau'o'in halitta. Girmansa kamar hankaka, ya rayu wajen shekara miliyan 150 da suka wuce. Yana da fuka-fukai da gashin tashi, yana kuma da haƙora, da doguwar wutsiya mai ƙashi, da yatsu uku masu farata a fiffike. Wani samfurinsa da aka samu a 1951, wanda alamun gashinsa ba su fito sosai ba, ya yi shekaru ana ɗaukarsa ƙaramin dainoso ne mai suna Compsognathus. Ka faɗi wannan, don yana nuna yadda iyakar ta dushe har ga ƙwararru. Amma kada ka kira shi mahaɗin da ya ɓace, kamar dai guda ɗaya ake nema aka samu. Yau akwai dabbobi masu yawa a kewayen wannan mahaɗa, har a 2011 wani nazari ya fitar da Archaeopteryx daga cikin tsuntsaye, wasu nazarce-nazarcen suka mayar da shi. Irin wannan kai-komo ba rauni ba ne a labarin. Abin da ake tsammani ke nan idan sauyin a hankali ya faru.

A nan kuma za ka kashe wata magana da ta yaɗu, wai kaza ce mafi kusanci da Tyrannosaurus. Ta samo asali ne daga binciken 2007 da 2008 kan ragowar sinadarin furotin a ƙashin Tyrannosaurus, inda aka gwada shi da na dabbobin da ake da bayanansu, ya fi kama da na kaza da jimina. A kan bishiya kuwa duk tsuntsayen da ke raye nisansu ɗaya da shi: mikiya, agwagwa, jimina, kaza. Ka sa yatsa a reshen ka bi da shi, za su gani.

Mataki na huɗu: sa lokaci ya zama abin gani

Miliyan 66 da miliyan 150 duk "da can" ne a kunnen mutum. Nemo igiya mai tsawon mita 23, kowace mita ta tsaya a madadin shekara miliyan 10. Farkon igiyar shi ne bayyanar dainoso na farko, wajen shekara miliyan 230 da suka wuce, ƙarshenta kuma yau. Ɗaura ƙyalle a mita 15 daga ƙarshe: Archaeopteryx da Stegosaurus, dainoso mai faranta-farantan ƙashi a baya. Wani a wajen mita 7 da 'yan kai: Velociraptor. Wani a mita 6.6: ƙarshen Tyrannosaurus. Ɗan Adam irinmu, mai shekara kusan 300,000, santimita 3 ne na ƙarshe.

Abu biyu za su fito ba tare da ka yi dogon bayani ba. Tazarar Stegosaurus da Tyrannosaurus ta fi tazarar Tyrannosaurus da mu. Sannan Archaeopteryx ya riga Velociraptor da Tyrannosaurus da nisa, saboda haka ba yadda za a yi su zama kakanninsa. Tsuntsaye sun yi fiye da shekara miliyan 80 suna shawagi a saman sauran dainoso.

Mataki na biyar: kawo siffofin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Abin da muke kira tsuntsu tarin siffofi ne: gashi, ƙashi mai rami, ƙashin ƙirji mai reshe, kwanci a kan ƙwai, baki marar haƙori, gajeriyar wutsiya, ƙanƙantar jiki, tashi. Ba rana ɗaya suka zo ba, kuma yawancinsu sun riga tashi. Ɗauki alli mai wani launi ka rubuta kowace siffa a wurin da ta fara bayyana a bishiyar da ka zana. Tafiya da ƙafa biyu tana can ƙasa. Ƙashin ƙirji yana kusa da gindin teropod. Tashi yana can sama.

Gashi shi ne misalin da ya fi kama hankali. A 1996 aka sanar da Sinosauropteryx daga lardin Liaoning na ƙasar Sin, ƙaramin dainoso mai shekara kusan miliyan 125, jikinsa lulluɓe da gashi mai kama da zare. Hannuwansa gajeru ne, babu zancen tashi. A 1998 Caudipteryx ya biyo baya, da cikakken gashi mai sanda a tsakiya a hannu da wutsiya, shi ma ba ya tashi. A 2012 aka bayyana Yutyrannus, ɗan gidan su Tyrannosaurus mai tsawon kusan mita 9, da dogon gashi a jiki. Velociraptor kansa, wanda girmansa bai wuce na babban talo-talo mai doguwar wutsiya ba, an ga jerin ƙulle-ƙulle a ƙashin hannunsa a 2007, irin wuraren da manyan gashin fiffike ke kamawa. A 2016 kuma aka nuna guntun wutsiyar wani ƙaramin dainoso da gashinta a cikin ƙaron itace da ya daskare, daga ƙasar Myanmar, mai shekara kusan miliyan 99.

To me gashin yake yi idan ba tashi ba? Tambayi mutanen kafin ka amsa, yawanci sukan kawo amsoshin da masana ke kawowa. Riƙe ɗumin jiki. Ado da jan hankalin abokin aure: an sami Ornithomimus a Alberta ta Kanada inda manya ke da dogon gashi a hannu, ƙanana ba su da shi, abin da ke nuna aikin balaga ne. Rufe ƙwai: a hamadar Gobi ta Mongoliya an tono dangin Oviraptor a zaune a tsakiyar sheƙa, hannuwa a baje a kan ƙwai.

Ka kula da harshenka a nan, don a nan ake zamewa. Kada ka ce dainoso sun fito da gashi domin su tashi, ko sun rage girma saboda suna so su hau sama. Babu dabbar da ta tsara jikin jikokinta. Ka ce gashi ya samu yana wani aiki, daga baya ya yi amfani ga wani. Jimlar ta ɗan fi tsawo, amma ita ce ke raba mai fahimta da mai haddace.

Kada kuma ka nuna kamar hanya ɗaya aka bi zuwa sama. Microraptor yana da gashin tashi a hannu da ƙafa, fuka-fukai huɗu ke nan. Yi qi, wanda aka bayyana a 2015, yana da fiffiken fata da wani dogon ƙashi ke tokarewa, kusan irin na jemage, alhali dainoso ne mai gashi. Waɗannan rassa sun ƙare ba magaji. Ambatonsu yana warkar da tunanin cewa komai yana tafiya ne zuwa tattabara.

Mataki na shida: raba abin da ya tabbata da abin da ake gardama

Mai bayani yakan faɗa ɗaya daga rami biyu. Ko dai ya faɗi komai da murya ɗaya ta tabbaci, ko ya yi ta "wai" da "mai yiwuwa" har mutum ya ɗauka duka zato ne. Maganin shi ne ka yi wa maganganunka hawa uku, ka kuma sanar da mutane hawan da kake kai.

Hawan farko, abin da ya kafu: tsuntsaye teropod ne, dainoso da yawa suna da gashi, gashi ya riga tashi. Ka faɗe su kai tsaye.

Hawa na biyu, abin da hujja ta karkata gare shi amma da sauran aiki. Launi yana nan. Tun 2008 ake duba ƙananan ƙwayoyin launi da suka rage a burbushin gashi, ana gwada siffarsu da ta tsuntsayen yau. Ta haka aka ce wutsiyar Sinosauropteryx tana da zobba-zobba masu ja-ja da fari, Microraptor kuma baƙi ne mai sheƙi. Hanya ce mai ƙarfi, amma dabbobi kaɗan aka yi wa, kuma ba kowane launi take kamawa ba.

Hawa na uku, inda masana suka rabu. Ta yaya tashi ya fara, daga bishiya zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa sama? A 2003 Kenneth Dial ya nuna 'ya'yan wata irin makwarwa suna kaɗa fiffiken da bai gama girma ba don su haye gangare mai tsayi, wanda ya buɗe hanya ta uku. Sau nawa tashi ya samo asali a cikin dainoso? Yaushe gashi ya fara, tunda an ga zare-zare a jikin Kulindadromeus na Siberiya a 2014, wanda ba teropod ba ne, masu fiffiken fata ma suna da wani abu mai kama da haka? Shi Tyrannosaurus babba fa, yana da gashi? Danginsa na farko suna da shi, amma guntayen fatarsa da aka samu ɓawo suka nuna, kuma ƙananan wurare ne na jiki. Amsar gaskiya: wataƙila kaɗan, wataƙila a wasu sassa.

Muhimmin abu shi ne ka nuna cewa gardamar hawa na uku ba ta girgiza hawan farko. Wani zai ce ai ya ji akwai masanan da ba su yarda ba. Akwai 'yan kaɗan, fitacce a cikinsu Alan Feduccia, kuma sun kawo tambayoyi na gaske. Ɗaya ita ce, ta yaya dangin tsuntsu mafi kusa za su zo bayan Archaeopteryx? Anchiornis, mai gashi da fuka-fukai, wanda aka bayyana a 2009 kuma ya girme shi da kusan shekara miliyan 10, ya amsa wannan. Ka ba su haƙƙinsu na ambato, amma kada ka raba lokacin shirinka biyu daidai kamar ƙarfin ɓangarorin ɗaya ne. Yin haka ma wata irin ƙarya ce.

Mataki na bakwai: kada ka ɓoye inda aka yi tuntuɓe

Labarai biyu sun isa. Oviraptor an raɗa masa suna mai nufin ɓarawon ƙwai a 1924, don an same shi a kan sheƙar da aka zaci ta wani dainoso ce. A 1993 aka sami irin ƙwan da ɗan tayi a ciki, sai ga shi na gidansu ne. Ana zarginsa da sata alhali kwanci yake yi.

Na biyu ya fi ɗaci. A 1999 mujallar National Geographic ta tallata wani burbushi daga Sin da aka kira Archaeoraptor, a matsayin mahaɗin dainoso da tsuntsu. Haɗi ne na jabu: jikin wani tsohon tsuntsu aka manna wa wutsiyar Microraptor. Masu shakka suna son wannan labari, don haka gara ya fito daga bakinka. Ka cika shi: masanan fannin ne da kansu suka bankaɗo shi cikin 'yan watanni, masanin ƙasar Sin Xu Xing ne ya gano ɗaya ɓarin dutsen wutsiyar, kuma guntayen biyu kowannensu burbushi ne na gaske mai daraja.

Mataki na takwas: gyara labarin ƙarshen zamaninsu

Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse daga sararin samaniya, mai faɗin kusan kilomita 10, ya faɗo a yankin Yucatán na Meziko, ya bar ramin Chicxulub mai faɗin kusan kilomita 180. A daidai wannan zamani duwatsu masu aman wuta suna ta malala a yankin Deccan na Indiya. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka shuɗe.

Sauƙaƙawar da aka saba ita ce dainoso sun mutu, tsuntsaye sun tsira don suna tashi. Masu fiffiken fata ma suna tashi, sun ƙare. Yawancin tsuntsayen wancan zamani su ma sun ƙare, ciki har da rukunin Enantiornithes, wanda ya fi kowanne yawa a lokacin, da masu haƙora irin su Ichthyornis da Hesperornis. 'Yan rassa kaɗan ne na masu baki marar haƙori suka ƙetare. Asteriornis, da aka bayyana a 2020 daga Beljiyam, ya rayu dab da faɗowar dutsen kuma yana kusa da tushen kaji da agwagi. Me ya cece su? Ana kawo ƙanƙantar jiki, da iya cin ƙwayar tsirrai da ta rage a ƙasa, da zama a ƙasa lokacin da dazuzzuka suka ƙone. Duk wannan hawa na uku ne. Abin da ke hawan farko shi ne sakamakon: nau'in tsuntsaye kusan 11,000 a yau, sun fi na dabbobi masu shayarwa, waɗanda ke wajen 6,500.

Mataki na tara: hotuna, tambayoyi, da gwaji

Hoto yana rinjayar magana. Idan kana cewa Velociraptor yana da gashi alhali a bayanka akwai tsirararsa irin ta fim ɗin Jurassic Park na 1993, hoton ne zai bi mutane gida. Duk zanen da za ka nuna, ka haɗa shi da hoton ainihin burbushin, ka ce ga abin da aka samu, ga abin da mai zane ya cike. Ka sa siffar mutum a gefe don a ga girma. Kada kuma ka wuce gona da iri ka lulluɓe kowane dainoso da gashi: akwai fatar masu dogon wuya da ta masu bakin agwagwa, kuma ɓawo ce.

Tambayar da ba ta rasa zuwa ita ce, in tsuntsaye daga dainoso suke, me ya sa ba mu ga ƙadangare yana zama tsuntsu ba? Koma kan bishiya. Ƙadangare yana wani reshe da ya rabu tun kafin dainoso, kuma sauyi yana faruwa ne a cikin al'umma ta dabbobi cikin zuri'o'i masu ɗimbin yawa, ba a jikin dabba ɗaya ba. Wani lokaci tambayar tana da wata a ƙarƙashinta, wadda ta shafi imanin mai tambaya. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka mai da zaman muhawarar da ba ita ta tara ku ba. Ka ce ga ƙasusuwan, ga shekarunsu, ga yadda aka auna, ga dalilin da ya sa masana suka karanta su haka. Idan an tambaye ka abin da babu amsarsa tukuna, kamar ainihin kukan Tyrannosaurus, ka ce maƙogwaro ba ya cika zama dutse, kuma rurin da ake ji a fim haɗin masu sauti ne.

Kafin a watse, gwada aikinka. Ba kowa takarda mai bishiya marar sunaye, da sunaye shida: kada, Pteranodon, Triceratops, Tyrannosaurus, Velociraptor, kaza. Su jera. Wanda ya sa Pteranodon kusa da kaza, matakin farko ne bai zauna ba. Wanda ya ɗora Tyrannosaurus a mahaɗar rassa maimakon bakin reshe, yana nan da tunanin kaka da jika, sai ka koma da shi kan igiya ya ga wa ya riga wa. Idan minti biyu kawai aka ba ka a rediyo, inda babu allo babu igiya, ka zaɓi abu uku: reshe ɗaya ne na dainoso ya kai ga tsuntsaye, gashi ya riga tashi da miliyoyin shekaru, kuma Tyrannosaurus ya zo ne bayan tsuntsaye sun daɗe a sama.